Matar Ɗan Mahe

Bodinga, 6 ga Yuni, 1955

Zuwa ga wana Mainasara, a Shagari.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan ruwa ya sauka wajenku kamar yadda ya sauka nan. Bayan haka, ka san ba zan ajiye keken ɗinki in ɗauki alƙalami ba sai da dalili, tun da shekara uku ke nan da rasuwar Baba ka rantse ba ka ƙara taka Bodinga, kuma ka cika rantsuwarka.

Dalilin shi ne Ɗan Mahe, kanarin Baba. Ya tsufa, Yaya. Bana shekararsa tara, kafin ya hau sandar keji sai ya yi tsalle biyu. Amma muryar tana nan, fiton da Baba ya koya masa bai zubar da ko kaɗan ba: hawa uku, sai ya kaɗa, sannan ya sauko a hankali. Tun da idon Inna ya rufe, ba ta shan kunun safe sai ta ji shi. Tana zama ƙarƙashin kejin da tasbaharta, in ya gama ta ce, kamar Baba ne ya yi magana, "To, Malam ya gaishe mu." Ina tsoron safiyar da za ta zauna ta ji shiru.

Ina so in haɗa shi da mace tun yana da sauran ƙarfi, ko Allah ya sa a sami ɗa namiji ya ɗauki fiton daga bakin ubansa. Ni ban san kan wannan sana'a ba, kuma sauran tsuntsayen Baba duk suna hannunka. Ka aiko mini da mace guda ta hannun Arzika mai jakai, ka gaya mini yadda ake yi. Ban gaya wa Inna ba, na fi so sai ta ji kukan 'ya'ya. Ba don ni za ka yi ba, don ita.

Wassalam. Ƙanenka, Na'Allah tela.

*

Shagari, ranar Lahadi, cikin watan Shawwal

Zuwa ga Na'Allah.

Na amsa gaisuwa. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, alhamdu lillahi. Takardarka sai da na kai wa malamin asibiti ya karanta mini, don ka rubuto ta da bokon da ka koyo a ajin yaƙi da jahilci, kamar ba allo guda munka riƙe ni da kai ba. Yanzu rabin Shagari sun san sirrin gidanmu.

Ashe ka san ina da rai. Ranar da anka raba kayan Baba, wa ya tsaya tsakar gida ya ce Ɗan Mahe zai bi Inna Bodinga don gidanka ya fi inuwa? Ni na hau gawo a Dandin Mahe na ɗauko tsuntsun nan yana ɗan tsako, ni na tauna masa gero a bakina. Kai kana ina? Kana koyon ɗinkin wando. Kun ɗauke uwa kun ɗauke tsuntsu, kun bar ni da tabarma, sai yau da ya fara tsalle biyu anka tuna da ni.

Ga mace nan na ba Arzika, saboda Inna. Ƙyanƙyasar bara ce, wata bakwai tana cikin 'yan'uwanta ban taɓa jin ta yi komai ba sai "cip, cip". Kuma na gwada ta da allura yadda Baba ke yi gaban masu saye: na rataya allura a zare bisa kanta, ta yi kewaye sau uku. Da namiji ne gaba da baya za ta yi. Wannan ba abin gardama ba ne.

Kada ka zuba su keji guda ranar farko, na san gaggawarka. Ka rataye kejinta kusa da nasa kwana ashirin su saba da juna. Ka ba su tsakin gero da dakakken ɓawon ƙwai. Ka ɗaure rabin ƙoƙo a kusurwa, ka ajiye auduga da zaren buhu, ita za ta yi sheƙarta. In ta fara ɗaukar zare a baki, sai ka buɗe.

Ka gaishe da Inna, in har kana isar da saƙona. Wassalam.

Mainasara.

*

Bodinga, 9 ga Yuli, 1955

Mainasara,

Gaisuwa saboda addini ya ce a yi. Ba ni da wata bayan wannan.

Me na yi maka da zafi haka? Da ka ce ba ka so, ko ka ce in je in mutu, da ya fi mini sauƙi. Ka aiko mini da namiji ka ce mace ce.

Duk abin da ka faɗa na yi. Na ce wa Inna zan kai Ɗan Mahe rumfar ɗinki kwana biyu in gyara kejinsa, kwana biyu suka zama ashirin, kullum da ƙaryar da nake shirya mata. Na rataye su gefe da gefe. Shi yana ta rera fitonsa, ita wadda ka kira mace ta karkata kai tana saurare, har na ce ta kamu. Ranar da na ga ta tsinci zare, na buɗe. Ina juya baya in auna wa wani riga, sai na ji fuka-fukai suna dukan kara. Kafin in zura hannu ta danne shi ƙasa tana sara. Ta fige masa gashin wuya, ta fasa masa idon hagu. Tsoho mai shekara tara, Yaya, wanda Baba bai taɓa bari ko hayaƙi ya taɓa ba.

Yau kwana huɗu bai yi kuka ba. Yana kwance a ƙasan keji ya kumbura gashi, ruwa ma sai na ɗiga masa da tsinke. Sama'ila mahauci, wanda ya taɓa kiwon kanari a Gusau, ya leƙa ya ce mace ba ta yi wa namiji irin wannan kisa, wannan faɗan maza ne.

Allurarka kuwa, ni tela ne, allura ba ta yi mini wuyar samu. Na gwada ta bisa almakashi, ta yi kewaye. Na gwada bisa goro, ta yi kewaye. Na gwada bisa kan Sama'ila, mai gemu da 'ya'ya shida, ta yi kewaye sau huɗu. Ka zo ka yi masa sheƙa.

Na san abin da ke ranka. Tun da ba a bar maka shi ba, gara kowa ya rasa. In ya mutu, wallahi zan murɗe wuyan naka in aiko maka da shi cikin buhun albasar Arzika. Inna kuwa na ce mata yana zubar da gashi ne ya yi shiru, shi ya sa ban mai da shi gida ba. Ta ce, "To." Kunun da ake kai mata kuwa yana dawowa yadda ya tafi.

Na'Allah.

*

Shagari, ranar Alhamis, cikin Zulƙida

Na'Allah,

Salama gare ka, ko da ba ka cancance ta ba.

Ni za ka kalla ka ce na kashe tsuntsun da na ciyar da bakina? Allah ya isa tsakanina da kai a kan wannan magana. An karanta mini takardarka a gona, na ajiye fartanya, ban ƙara noma ba ranar. Shekara uku ina jin kewar muryar nan, in na ji wani kanari ya fara hawa sai in tsaya in ga ko zai kai uku. Kai da kake jinsa kullum a banza har ka san darajarsa?

Kuma ka ji tsoron Allah da bakinka a kan allura. Da ita Baba ya sayar da tsuntsu shekara talatin. Kukun Bature ya zo tun daga Sakkwato ya sayi biyu, Baba ya gwada su gabansa, sun yi 'ya'ya, har goro ya aiko. Ko sau ɗaya ba a dawo wa Baba da tsuntsu an ce ya yi kuskure ba. Kai da mahaucinka kun fi shi sani? Hannunka ne ke rawa, shi ya sa ta kewaya maka bisa almakashi.

Laifin naka ne. Ka kai tsoho cikin ƙarar keke da hayaniyar kasuwa, ka buɗe keji ka juya baya kana auna riga. Kuma ka bar makauniya kwana ashirin ƙarƙashin ƙusa babu keji, kana yi mata ƙarya. Ka dafa ƙwai ka marmasa masa gwaiduwar, ka rufe kejin da zane, ka mai da shi gida yau. In ka taɓa wuyan tsuntsuwata ni da kai sai gaban alƙali.

Mainasara.

*

Bodinga, 17 ga Yuli, 1955

Yaya,

Ɗan Mahe ya mutu yau da hantsi, a tafin hannuna. Gwaiduwar bai ci ba. Ban gaya wa Inna ba, ban san ta inda zan fara ba. Ba ni da abin da zan ƙara ce maka.

Na'Allah.

*

Bodinga, kwana uku kafin babbar salla

Zuwa ga Yaya Mainasara, daga ƙanwarku Safinatu. Malam Haliru liman ne ya rubuta mini, kuma na sa Yaya Na'Allah ya zauna ya ji kowace kalma.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Zulaihatu da yara. Bayan haka, Yaya, ku yi mini haƙuri, ku manya ne, amma raina a ɓace yake da ku duka biyu.

Na zo daga Danchadi ranar Litinin na iske Inna ta rame, zanenta har yana zamewa. Na tsare Yaya Na'Allah sai da ya faɗa mini gaskiya. Na ce yau ƙarya ta ƙare. Na je rumfa da kaina na ɗauko kejin wancan tsuntsun, na ajiye gaban Inna, na gaya mata komai, har da takardunku.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun ranar da ta ji takun Na'Allah ya sake ta san ya mutu. Sai ta ce kowa ya yi shiru. Ta kara kunnenta jikin kejin, ta daɗe, sannan ta zura hannu ta kama shi, ta ɗora yatsa a maƙogwaronsa. Ta ce, "Wanga ai namiji na. Shina gunguni cikin wuya tun ɗazu, ku ba ku jiya ba? Yaro na, cikin manyan maza yat tashi, shi as sa bai buɗe baki ba."

Na ce mata ai ka gwada shi da allura ta nuna mace. Yaya, sai ta yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Ta ce, "Allura! Malam shina yin wagga don masu saye su ga an yi wani abu. Ni ka zaɓa mishi. Kullum da sahe in ina tankaɗe kusa da keji ni ka saurare, in ɗaure ma kejin maza jan zare ga ƙohwa. Shi shina ganin zaren ja, sai shi kaɗa hannu yadda ya kamata. Shekara talatin. Da ɗayanku ya tambaye ni, da na hwaɗi. Amma kun ga ido ya tahi, kun ɗauka kunne ya bi shi."

Yaya Na'Allah ya tashi ya fita. Ka ga ba mugunta ka yi ba, ya yarda, ko da bakinsa ya ƙi faɗa. Amma kai ma ba gaskiya gare ka ba. Kuna ta jifan juna da takarda tsakanin Bodinga da Shagari, wadda ta san abin tana zaune cikin gida da yunwa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya da safe tsuntsun ya buɗe baki. Fiton Baba ne, Yaya, wallahi. Ya yi hawa uku cif, ya fara kaɗawa, sai ya tsaya. Ya sake, ya tsaya nan dai. Iyakar abin da ya ɗauka ke nan a kwana ashirin ɗin da ya yi kusa da Ɗan Mahe. Inna ta ce da an bar su gefe da gefe damina guda, da ya kwashe duka. Ta sha rabin kunu.

Ta ce yaro ne, kunnensa bai rufe ba tukuna, amma in ya zubar da gashi ya yi sabo, a kan rabin zai tsaya har ya mutu. Ni ban iya fito ba. Yaya Na'Allah ya gwada, tsuntsun ya juya masa baya. Inna, ka san ba ta kama sunanka, cewa ta yi, "Akwai wani can Shagari da Malam yab buga sau biyu don shina hito cikin zaure lokacin karatu. Shi kaɗai ya iya saukowar."

Ba ta ce ka zo ba, ta san ka yi rantsuwa. Malam Haliru ya ce rantsuwa irin wannan kaffara ake yi mata, azumi uku ne in babu hali. Na gama nawa.

Allah ya bar zumunci. Ƙanwarka, Safinatu.

*

Shagari, jajibirin salla

Zuwa ga Safinatu, ki sa a karanta wa Inna, da gaisuwa irin ta ɗa ga uwa.

Na jefa allurar cikin rijiya.

Jiya na shiga tsakiyar gero inda ba mai jina, na gwada fiton. Na yi hawa uku, na kaɗa, da na zo wurin saukowa sai kuka ya ƙwace mini. Sau biyar ina gwadawa, nan nake tsayawa, daidai inda tsuntsun ke tsayawa. Amma ban manta ba, yana nan duka.

Zan biyo Arzika kashegarin salla. Zan zo da sauran tsuntsayen, su bakwai, da jan zare, Inna ta zaɓa. Ki ce wa Na'Allah kada ya tarye ni a hanya, ban huce ba. Ki dama kunu cikakken ƙoƙo.

Wassalam. Mainasara.