Noti Uku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau.

Na samu wuri, gidan wani tsohon malamin makaranta. Shara nake yi da aike. Yana da na'urar kallon taurari, wani bututu ne ya fi ni tsawo, da madubi kamar faranti a can gindinsa. Shi ya gurza madubin da hannunsa, wai shekara biyu yana yi. Ran nan ina share ɗakin da take na ga noti ukun da ke riƙe da madubin duk sun yi sako-sako. Kin san a shagon gyaran keken da na yi aiki in ka bar noti haka mari za ka sha. Na ɗauko sifana na ɗaure su tam. Ban faɗa masa ba, kar ya ce ina neman yabo.

Ki gaida Inna.
Ƙaninki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi.

Gidan nan ba daɗi. Na'urar Malam ta lalace. Wai tauraro ya kamata ya fito kamar ɗigo, yanzu kowanne kusurwa uku yake yi. Na leƙa, ni dai haske na gani. Ya sayo sabon gilashin da ake kara ido, bai gyaru ba. Ya yi kwana huɗu yana saiti. Har asibitin ido ya je, aka ce idonsa ƙalau. Ya tambaye ni ko bututun ya taɓa faɗuwa ina shara, na rantse masa bai faɗi ba. Maganar noti ko a raina ba ta zo ba, ai gyara na yi.

Yanzu ya ce madubin ne tun farko bai gurzu daidai ba, shi ne bai lura ba. Hannunsa na rawa, sai ya sa ni na kwance masa shi na kai kan tebur. Ya wanke ruwan azurfar da ke kai, ya fara gurza daga farko. Matarsa ta ce da madubin ya yi aure ba da ita ba.

Ki sa mu a addu'a.
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Kar ki karanta wa Inna wannan.

Jiya muka mayar da madubin. Na kama sifana zan ɗaure notin, Malam ya buge mini hannu. Ya zura takarda tsakanin madubin da ƙarfen da notin ke matsewa, ya ce haka ake bari, sai takarda ta wuce. In aka matse gilashin lanƙwasa yake yi, ido ba ya gani, amma taurari su yi kusurwa uku. Ya ce shi ya sa bai duba nan ba, don da hannunsa ya sa su, ba mai taɓawa.

Yaya, sai na tuna notin da na ɗaure ran nan. Na faɗa masa. Wallahi na faɗa masa duka.

Bai zage ni ba. Zama ya yi a kan benci yana kallon hannuwansa. Madubin lafiyarsa ƙalau ashe, kuma wannan gurzar ta ɓata shi, don hannun da ya yi na farko ba shi ne yanzu ba. Mun gwada, ko wata dishi-dishi yake fitowa.

To ni ina zan sani? Shekara uku ana dukana kan in ɗaure, ba wanda ya taɓa ce mini akwai abin da ake bari sako-sako da gangan. Wata biyu ina share ɗakin nan, kalma ɗaya ta ishe ni, bai faɗa ba.

Bai kore ni ba. Abincina na nan, shimfiɗata na nan. Kwaɗo kawai ya sa wa ɗakin, yanzu shi yake share shi da kansa. Yau ina tsakar gida ina jin tsintsiya daga ciki, yana yi yana tari, ni kuma ina zaune da hannu biyu.

Ki tambayar mini mai gyaran keke ko ya sa wani a wurina.

Naki,
Auta