Na'urar da Ta Ƙi Yatsan Yayata

Daga: Kafintan layin bayan kasuwa, a madadin yayarsa mai wanki da guga.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Darakta, Sashen Rabon Magunguna ga Asibitocin Gwamnati.

Ta hannun: Shugaban asibitin unguwarmu.

Kwanan wata: 9 ga Satumba.

Game da: Hana maganin farfaɗiya saboda na'urar dangwala yatsa, da rasuwar yarinya 'yar shekara goma sha huɗu da ta biyo baya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya ƙara wa ofishinka albarka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Ni kafinta ne, hannuna ya fi sabawa da zarto da guduma a kan alƙalami, saboda haka idan wata kalma ta fito a karkace ina roƙon a yi mini uzuri. Ba don kaina nake rubutu ba. Don yayata ce, wadda muke ciki ɗaya. Tun ranar 14 ga Agusta ba ta ƙara cin abincin kirki ba, kuma duk wanda ya shigo yi mata ta'aziyya sai ta miƙa masa hannunta na dama ta ce wannan ne ya kashe mata 'ya. Ina tsoron kada mu rasa ta ita ma.

Yaya ta fara wankin mutane ne tun da mijinta ya rasu ya bar mata yarinyar tana rarrafe. Da wannan sana'a ta ciyar da ita, da ita ta sa ta makaranta. Yarinyar kuwa Rediyo muke ce mata a gida, don idan ta buɗe baki da safe babu mai iya rage mata murya sai barci. Tana 'yar shekara shida farfaɗiya ta same ta. Likitan asibitin unguwarmu ya ɗora ta a kan ƙwayar da gwamnati ke bayarwa kyauta duk wata, ya kuma ja kunnen uwar kada ta bar ta kusa da wuta ko ruwa. Maganin ya karɓe ta. Shekara da shekaru ba ta faɗi ba, har gadon da na yi mata mai gajerun ƙafafu ta riƙa yi mini tsiya a kansa, wai Kawu ya yi mata gadon kyanwa. Ba mu taɓa raina wannan alheri na gwamnati ba, kuma ina so a rubuta cewa mun gode da shi.

Ga ƙorafe-ƙorafena kamar haka:

1. A ranar 1 ga Yuli sashenka ya fara aiki da sabon tsari, cewa ba za a ba da irin wannan magani ba sai majiyyaci ko waliyyinsa ya ɗora babban yatsa a kan na'ura ta amince da shi. An ce don a hana sata ne da sayar wa masu shaye-shaye. Mun san ana sata, ba mu musa ba. Yaya ce waliyyiyar 'yarta, kuma an ɗauki zanen yatsanta tun a watan Maris, lokacin da ta gurɗe a ƙafa ta yi makonni a zaune ba ta taɓa ruwa ba. Da ta warke ta koma bakin aikinta. Ranka ya daɗe, wanda ya tsara wannan doka ban ce ya yi mugunta ba, amma na tabbata bai taɓa riƙe hannun mai wanki ba. Sabulu da ruwan bilic da sitaci da cuɗar wuyan riguna suna cinye zanen yatsa, su bar shi sumul kamar bayan cokali. Ranar 3 ga Yuli ta ɗora yatsa, na'ura ta kawo jar wuta. Ta sake, ta sake. Matan da ke layi suka yi ta ba ta dabaru, wata ta ce ta goga a goshi, wata ta ce ta hura masa iska, wata ta ce ta lasa. Duk ta yi, har ana dariya, ita ma tana yi, don ba ta ɗauka abin zai wuce ranar ba.

2. Maganin yana nan, ba ƙarewa ya yi ba. Da ƙarewa ya yi, da na fi samun sauƙin haƙuri. Yana jere a kan kantar magani a bayan gilashi, kwali a kan kwali, Yaya tana kallonsa ta taga. Mai ba da magani ya san ta, ya san yarinyar tun tana zuwa a goye, katin asibiti yana hannunta da rubutun likita a kai. Ya gaya mata cewa idan ya fitar da ƙwaya ɗaya ba tare da koriyar wuta ba, ɓarawo za a kira shi, kuma a bakin aikinsa. Ba ni da ƙorafi a kansa. Ƙorafina a kan tsarin da ya ɗaure hannun mutumin da ke da ido da hankali, ya miƙa hukunci ga akwatin da bai san kowa ba.

3. Na rufe shagona na bi ta asibiti domin a mayar da waliccin yarinyar kaina. Yatsana yana da tabon kurfi da ƙusa, amma na'urar ta karanta shi sarai. Sai aka sanar da ni cewa ba a sauya waliyyi sai tsohon waliyyi ya amince, kuma hanyar amincewar ita ce ya ɗora yatsa a kan na'urar nan da ta ƙi shi. Na tambaya ko wasa ake yi mini, aka ce haka tsarin yake. Aka tura mu ofishin rajista, ofishin rajista suka ce mai gyara irin wannan matsala daga hedikwata yake zuwa, kuma ba su san ranar zuwansa ba. Har yau da nake rubutun nan ban ga wanda ya taɓa ganin fuskarsa ba.

4. Mun nemi saye a waje. Duk kantin maganin da muka shiga sai a ce dokar nan ta janye wannan ƙwaya daga kasuwa, ba a samun ta sai a tagar asibitin gwamnati. An rufe ƙofar baya, an kuma kulle ta gaba. Yaya ta koma raba ragowar ƙwayoyin watan Yuni gida biyu da reza, tana ba yarinyar rabi-rabi don su ja kwana. Kafin ƙarshen Yuli suka ƙare. Rediyo ta faɗi a aji a gaban ƙawayenta, ta ciji harshenta, ta dawo gida ta ce ba za ta ƙara zuwa makaranta ba sai an samo maganinta. A makon da hakan ta faru ne na fara jin gidan Yaya shiru.

5. Shawarar da asibiti ya iya ba ta ɗaya ce: ta huta da wanki har zanen yatsan ya dawo, tunda haka ya kasance a watan Maris. Ta karɓa da hannu bibbiyu. Ta riƙa shafe hannun da mai, ta naɗe shi da tsumma, ta zauna tana kallon tulin kayan mutane. Mace ce da ban taɓa ganin ta zauna da rana ba, sai ga ta tana lallaɓa yatsa kamar jariri, kowace safiya ta fita haske ta kwance tsumman ta kira 'yarta ta duba mata ko layukan sun fara fitowa, don idon yarinyar ya fi nata. Masu kawo wanki suka fara aiko a karɓar musu kayansu. Rediyo tana jin duk wannan. An yarje mata shanya da ninki kawai, an hana ta dutsen guga saboda gawayi, an hana ta zuwa kusa da rabin duron da ake ɗauraya a ciki. Uwar ta faɗa mata, ni ma na faɗa mata, ta ce mun cika tsoro kamar wasu tsofaffin kaji.

6. Ranar 14 ga Agusta da safe Yaya ta kwance tsumma, yarinyar ta duba ta yi tsalle ta ce sun fito. Yaya ta ɗauki kati ta tafi asibiti, ta bar ta da maƙwabciya. Maƙwabciyar ta shiga ɗaki ta ba jaririnta nono. Akwai zannuwan gado na wata mata da ta yi barazanar ɗauke aikinta gaba ɗaya, ita ce kuwa babbar mai kawo wa Yaya wanki. Abin da muka fahimta daga baya shi ne yarinyar ta so uwarta ta dawo ta tarar da su a kan igiya. Ta wanke su tas. Biyu ta riga ta shanya, ta kama su da maƙalai yadda aka koya mata. Tana ɗaurayar na uku ciwon ya zo mata, ta kifa da ka a cikin duron. Ruwan ciki bai kai gwiwata ba.

A wannan safiya, ranka ya daɗe, na'urarku ta kawo koriyar wuta. Mai ba da magani ya ce Yaya ta yi guɗa a gaban taga, matan layi suna taya ta murna. Ba ta tsaya jiran mota ba, da ƙafa ta taho tana sauri da kwalin a ƙirjinta. Ni na tare ta a bakin layi, don an riga an kira ni daga shago. Ta hango ni ta ɗaga kwalin sama tana dariya tana nuna mini. Na yi shekara arba'in da wani abu a duniya, ban taɓa jin nauyin ƙafafuna kamar a tsakanin inda nake tsaye da inda take ba. Jama'ar da ta gani a ƙofar gida su suka gaya mata.

7. A ranar 2 ga Satumba saƙo ya shigo wayar Yaya daga sashenka, ana tunatar da ita cewa lokacin karɓar maganin 'yarta ya yi, kuma ta tabbata ta zo da kanta domin dangwala yatsa. Ba ta iya karatu ba, sai ta miƙa wa wata mai ta'aziyya ta karanta mata a cikin mutane. Ban san sunan da zan ba wannan ba a takardar hukuma, saboda haka na bar shi haka.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon mai girma Darakta da ya duba waɗannan buƙatu.

A ba likita ko mai ba da magani ikon sakin magani da sa hannunsa idan na'ura ta ƙi wanda suka sani kuma katinsa yana hannunsa. Ba Yaya kaɗai ba ce. A layin nan na ga mai kwaɓa siminti, na ga mai wanke-wanke a gidan abinci, na ga tsoho da fatar hannunsa ta saki, kowa yana goga yatsa a goshi. A kuma yarda kowane yaro ya kasance da waliyyi biyu, a soke sharaɗin da ke neman yatsan da aka ƙi ya ba da izinin a sauya shi. A cire lambar yayata daga masu karɓar saƙon tunatarwa kafin wata ya sake kamawa.

Ba mu neman diyya, ba mu kuma neman a kori kowa. Mun san rai na Allah ne, kuma kwanan yarinyar ne ya ƙare. Amma akwai buƙata ta ƙarshe wadda ita ce ainihin dalilin wannan takarda, ina roƙon kada a ga ƙanƙantarta.

Yaya ta ɗora wa kanta laifin nan gaba ɗaya. Tana cewa da hannunta irin na mutane ne da an ba ta magani tun ranar farko, da kuma ba ta zauna tana jinyar yatsa ba da 'yarta ba ta taɓa duro ba. Na yi mata magana har muryata ta dushe. Dattawan unguwa sun yi, likitan ma ya zo har gida ya zauna a ƙasa ya yi. Amsarta ɗaya ce ga kowa, wai mu tausayinta muke ji, amma gwamnati ce da kanta ta duba hannunta ta ce bai yi ba, kuma gwamnati ba ta san ta ba balle ta yi mata ƙarya. Mace ce da ta yarda da hukuma fiye da yadda ta yarda da ƙanenta. Tunda daga wajenku hukuncin ya fito, daga wajenku kaɗai za ta yarda an janye shi.

Saboda haka ina roƙo, don girman Allah, a rubuto mata takarda a kan farar takardar ofishinka, da hatimi da sa hannunka, ko da layi biyu ne. A ce mata an bincika, an ga hannunta ba shi da aibi, kuskuren na tsari ne, kuma ta yi duk abin da uwa za ta yi. Ni zan karanta mata, in nuna mata hatimin ta taɓa. Idan an ga ofis ba zai iya amsa kuskure a rubuce ba, to a bar wannan ɓangaren, a rubuta na hannun kawai. Ina roƙon a hanzarta, domin jiya da na ɗaga Yaya zuwa inuwa ban ji nauyin mutum a hannuna ba.

Ina mai neman afuwa idan na wuce iyaka a wani wuri. Allah ya ja zamaninka, ya raya maka naka 'ya'yan.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Kafintan layin bayan kasuwa,
ƙanen mai wanki, kawun marigayiya.