Ba Dariya Dije Take Yi Ba

Kambarawa, Katsina
29 ga Mayu, 2003

Zuwa ga matata, marigayiya Indo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci.

Tun safe rediyo ke ta kiɗa, wai yau shekara huɗu da sojoji suka koma bariki. Na kashe ta. Tun lokacin da aka ce mana yanzu kowa yana da bakin magana nake riƙe da magana ɗaya, kuma duk wanda na fara yi wa ita sai ya ce in yi haƙuri. Liman ya faɗa, yayanki Alhaji Musa ya faɗa. Haƙurin rashinki na yi shi, wannan hukuncin Allah ne. Amma kwana huɗun da ɗiyarmu Dije ta yi a gadon asibiti, mutane ne suka jawo su, kuma ina cikin mutanen. Na yarda da ƙaddara. Yarda da ƙaddara bai hana a faɗi wanda ya yi sakaci ba, don haka yau zan faɗa, kowa ya karanta.

Kin fi ni sanin farkon labarin. Autarmu ta zo duniya ba ta yi kuka ba. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta rasa iska wajen haihuwa, jijiyoyinta za su riƙa ɗaurewa, ba za ta yi tafiya ba, ba za ta yi magana ba. Haka aka yi. Gaisuwa ɗaya ta iya: in na dawo daga masallaci na yi sallama, sai ta buɗe hannunta na dama a hankali, in sa yatsana a ciki, ta damƙe. Ita ke nan hirarmu, ni da ita, shekara goma sha ɗaya.

Sai ƙashin bayanta ya fara karkacewa, har zama ya gagare ta, numfashi ya fara yi mata nauyi. Watannin farko na mulkin farar hula wani zaɓaɓɓe ya kawo likitoci daga ƙasar waje zuwa wani babban asibiti a wata jihar, aka sa sunan Dije. An ɗauki hoto da ita kafin a shiga da ita. Likitocin sun yi aikinsu, ban taɓa musa wannan ba. Sun sa mata ƙarafa biyu a baya, suka ɗinke, washegari suka hau jirgi.

Dokar ɗakin yara ita ce mai jinya ɗaya ga kowane gado. Kati ɗaya suka miƙo mana a bakin ƙofa, ni na karɓe. Shekara talatin ina koyar da Turanci, na yi hedimasta a makarantu uku, ke kuwa karatun allo kika yi. Na ce miki me za ki ce wa likita in ya zo? Amsarki tana kunnena har yanzu: “Malam, kai ka iya maganar likita, ni na iya ta Dije.” Na yi murmushi irin na mai ilimi, na shige. Kika shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi da ke wajen ɗakin, kina jiran la'asar, lokacin ziyara.

Wani ƙaramin likita ya yi mini bayani. Allurar kashe zafi mai ƙarfi tana iya rage numfashi, ƙirjin Dije kuma ba ƙarfi, saboda haka an rubuta a ba ta in ta nuna tana buƙata. Na karanta rubutun da kaina, na ji daɗi da na gane shi. Ban tambaye shi ba, yarinyar da ba ta magana da me za ta nuna?

Da safe nas ta zo ta tambaye ni yaya take. Na duba. Leɓɓanta sun ja baya, haƙoranta a waje, ba hawaye, ba ƙara. Na amsa da Turancina mai kyau cewa tana jin daɗi, har dariya take yi. Ta rubuta. Da azahar ta sake tambaya, na sake faɗa, ta sake rubutawa.

La'asar ta yi kika shigo. Daga bakin ƙofa kika gani. Kika ce, “Ba dariya take yi ba.” Kika yaye zanen gadon kika nuna mini yatsun ƙafarta da suka dunƙule, da zufa a kan hancinta, da babban yatsanta da ta cusa cikin tafin hannu, da yadda take riƙe numfashi tana sakinsa kaɗan kaɗan. Kika ce haka ta yi ranar da ruwan zafi ya zube mata a cinya, in faɗa wa nas yanzu yanzu.

Nas ɗin 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa. Ɗakin cike da baƙi, muryarki ta tashi, ana kallonmu. Kunya ta kama ni, Indo. Kunyar matata tana ɗaga murya a gaban ma'aikata. Duk abin da kika lissafa na dunƙule shi a jimla ɗaya: na ce uwar ce hankalinta ya ɗan tashi. Nas ta yi dariya ta ce duk uwaye haka suke. Aka kaɗa ƙararrawa, maigadi ya fitar da ke.

Haka muka yi rana ta biyu, da ta uku. Ba ki san abin da nake fassarawa ba. Kin ɗauka su ne suka ƙi.

Rana ta huɗu wata dattijuwar likita Bahaushiya ta biyo, ta tarar da ke a bakin taga kina leƙe, ta tsaya ta saurare ki, babu ni a tsakani. Ta shigo ta taɓa bayan Dije, naman ya sandare kamar itace. Ta ce jijiyoyin ne ke fizga suna jan ɗinkin, zafi yana ƙara ɗaure su, ɗaurewar tana ƙara zafi. Ta sa a yi mata allurar, a haɗa da maganin sassauta jijiya, a riƙa ba ta bisa agogo ba sai an nema ba, a kuma sa nas ta riƙa duba numfashinta. Ta karɓi katin daga aljihuna ta ba ki. Kafin a kira magariba fuskar Dije ta sauka, dariyar da nake ta ba da labari ta ɓace, ta yi barci hannunta a buɗe cikin naki. Maganin nan yana cikin kabad, taku biyar daga gadonta, tun ranar farko.

A mota muna dawowa na faɗa miki gaskiyar abin da nake fassarawa. Gyara wa Dije matashi kika yi. Shekara biyu kika ƙara a duniya, ba ki taɓa tayar da zancen ba, kuma da kin zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Wani ɗan acaɓa, Sani, daga ƙauyen wajen Batagarawa, yana haya kusa da mu. Ɗansa Bashir irin lalurar Dije gare shi, kuma watan jiya aka kira su aikin baya a asibitin da aka yi wa Dije. Ya zo ya durƙusa ya ce, “Malam, kai za ka shiga da shi, kai ne mai Turanci.” Na bi su. Amma kafin a shiga da yaron na zaunar da uwarsa Lami a gindin bishiyar bedin nan taki, na ce ta faɗa mini yadda ɗanta ke yi in yana jin zafi, da yadda yake yi in ya ji daɗi. Nasa daban ne da na Dije, shi harshe yake turowa, ƙafar hagu ta miƙe. Na rubuta duka da manyan baƙaƙe a kwali, irin wanda nake liƙawa a aji, na ɗaure a kan gadon. Katin kuma hannun Lami na sa shi.

Babbar nas ta ce in cire, nan ba makaranta ba ce. Na ƙi. Na ce ba zan motsa ba sai likita ya zo ya faɗa wa uwar yaron, da Hausa, wane magani za a ba shi, ƙarfe nawa, kuma wa zai duba numfashinsa. Ta ce za ta kira maigadi. Na ce ta haɗa da 'yan sanda, ai an ce mulkin bindiga ya wuce. Masu gadi biyu suka fitar da ni, hulata ta faɗi a baranda. Kwalin bai fita ba, don likitan ya karanta shi ya ce a bar shi. Bashir ya yi barci tun ranar farko.

A majalisar ƙofar masallaci yanzu Malam Mai Rigima suke ce mini. Su ce. In an sake kai wani yaron zan sake zuwa, kuma su tanadi masu gadi.

Indo, tabarmar tana nan, ban bari an shimfiɗa ta ba. Rabi, babbar ɗiyarmu, ita ke yi wa Dije wanka da kitso, tana yi mata 'yar waƙar da kike yi, sai dai ba ta iya jan ƙarshenta kamar ke ba. Ni ke ba ta kunu da safe. Na sayi littafin rubutu ina koyon maganarta, a makare, kamar ɗan aji ɗaya. Jiya na gane cewa in ta ɗaga gira sau biyu ruwa take so. Na juya zan faɗa miki.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa kwana huɗun da kika yi a gindin bishiyar nan su zame miki inuwa ranar da babu inuwa sai taSa. Ya yafe mini. Ya ba kowane yaro marar baki mai jinyar da ya san shi, Ya hana irina tsayawa a tsakaninsu. Amin.

Bayan Dije ya miƙe, tana zama a kujera, tana numfashi lafiya. Tana buɗe wa Rabi hannu. Ni kuwa sau biyar a rana nake dawowa daga masallaci in yi sallama, shekara huɗu ke nan, hannun bai ƙara buɗewa ba.

Mijinki,
Lawal