Jar Wayar da Suka Cire

Maigida,

Na wuce aiki a motar haya. Ban tashe ka ba, don kada mu fara da sassafe.

Motarmu tana garejin Mai Gemu. Jiya da na ɗauko Inna daga asibiti, ta mace mana a tsakiyar titi, tana tururi kamar tukunya. Mahaifiyarka da ciwon gwiwa tana tsaye a rana, ana ta danna mana hon.

Na kira kamfanin nan naka da ka yi rajistar gyaran shekara da su. Wata mai zaƙin murya ta ce layi ya cika, in kawo ta ranar Talata. A kaina zan ɗauko ta?

Mai Gemu kuwa ina kiransa ya zo. Yana buɗe bonet ya yi salati. Ka tuna jar wayar da ya haɗa wa fankar injin tun shekara shida, wadda ka ce masa aikin kame-kame ne? Mutanen kamfani sun cire ta, wai ba ta cikin littafinsu. Motar da ta girmi 'yarmu ta fari, wane littafi ta sani?

Takardar sabunta rajistar tana kan firij. Don Allah kada ka sa hannu.

Ka je garejin kafin azahar. Ya ce ba zai taɓa motar ba sai ka zo da kanka. Ka ba shi haƙuri, ban da dogon bayani.

Inna ta ce in ba ka je ba, ita za ta kai ka.