Jar Leda a Gidan Gwaggo

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ruwa tun safe. Ɗakin da Gwaggo Hajaratu ta ba mu yana yoyo ta kusurwa, na tara roba. Gwaggon mijina Mani ce, ba tawa ba, amma da muka gudo daga Ruwan Godiya ita kaɗai ta buɗe mana ƙofa a Faskari. Mani yana Ibadan yana dako, wayarshi kullum a kashe. Yaron namu ya ƙi tuwo, gashinshi ya yi ja kamar gemun masara. Gida cike da mutane, ni kuwa sai takardar nan nake wa magana.

Talata, 8 ga Yuli

Gwaggo ta raka ni asibiti, inda ƙungiyar Turawa ke duba yara masu tamowa. Ma'aikaciyar wurin, Malama Sumayya, ta naɗa mashi ma'auni a dantse, ya tsaya kan ja, alamar haɗari. Ta tambaye ni sunanshi, na sunkuyar da kai. Wata a bayana ta kwashe da dariya, ta ce ai ɗan fari ne, a tambayi tsohuwa. Gwaggo ce ta faɗa. Ni ko a nan ba zan rubuta ba.

An ba mu jajayen ledoji na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, na sati guda. Malama ta ja mani kunne, wai magani ne ba kwalama ba, nashi ne shi kaɗai.

Alhamis, 10 ga Yuli

Shi kaɗai ta yaya? Jikokin Gwaggo na jin ƙarar leda suka zagaye ni, ƙaramarsu Hussaina har da lasar baki. Ina cin tuwon kakarsu, ina kwana a ɗakinta, sai in ɗura wa nawa suna kallo? Kuma ɗan fari? Da wane ido zan kalli matan gidan? Na ba kowa ya lasa. Gwaggo ta sa mani albarka, ta ce an ga ɗiyar mutunci mai kara. Wallahi daɗi na ji. Tun zuwana, yau ne aka matsa mani a tabarmar hira.

Talata, 15 ga Yuli

Ja dai. Malama ta tambaya ko yana shanyewa, na ce ledojin suna ƙarewa. Ai ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Uwar Mani nake ta tunawa yau, Allah ya jiƙan ta. A gida ita ke goya shi, ita ke ɓoye mashi fura, ita ke zagin duk wanda ya sa shi kuka. Ni nawa in kau da kai, haka aka koya mani. To ita ta tafi, ni kuma har yanzu ina kau da kai. Wa ya rage mashi ke nan?

Lahadi, 20 ga Yuli

Mani ya kira, ga hayaniyar motoci. Yaya yaran gidan, in ji shi. Shi ma ba ya iya tambayar nashi kai tsaye. Na ce lafiya lau.

Talata, 22 ga Yuli

An ɗora shi a sikeli, ya ragu. Malama ta daɗe tana kallo na, sannan ta tambayi yara nawa ne a gidanmu. Na kau da kai, ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta ce masu aiko da kayan daga ƙasar waje sun janye hannu, ba ta san ranar da mota za ta sake zuwa ba. Ta nuna mani 'yan kwalayen da suka rage a bayan ƙofa.

"Halimatu, daga waɗannan ba ni da wasu. In kin raba, da ranshi kike yin kara."

Raina ya ɓaci. Na so in ce mata ita a gidan kanta take kwana, me ta sani? Na goya shi, ban ji nauyin komai a bayana ba. Har gida ina kuka.

Laraba, 23 ga Yuli

Na sa sakata. Yara suka yi ta bubbuga ƙofa, Hussaina na kiran Anti, Anti. Na juya wa ƙofar baya, na zaunar da shi a cinyata. Sannu sannu ya shanye duka, yana riƙe da yatsana. Ashe yana iya shanyewa.

Da na fito tsakar gida, ba wanda ya kalle ni. Surukar Gwaggo, matar ɗanta Almu, ta ce da tukunya, ba da ni ba, wai su wance an waye, a kan ɗan fari ake kulle ƙofa. Tuwona a bakin ƙofa aka ajiye.

Asabar, 26 ga Yuli

Gaisuwa kawai. Tabarmar hira ta cika, ba wurin zama. Ba na jin haushin Hussaina, ita ma wuyanta duk ƙashi. Wannan ne ke ci na.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ya dafa bango ya miƙe. Na waiga in nuna wa wani, ba kowa.

Talata, 5 ga Agusta

Ni kaɗai na je, Gwaggo ta ce ƙafa na damun ta. Mata maƙil, kwalaye saura kaɗan. Malama ta leƙo daga ƙofa ta ce ina uwar Muhammad Auwal. Na ce ga ni. Da ƙarfi ma. Sai da kawuna suka juyo na ji abin da na yi.

Ba wani abu ba ne, layi ne ya yi tsawo, kar a tsallake mu.

Ma'aunin ya bar ja, ya taɓa ruwan ɗorawa. Ledojin yau ne na ƙarshe sai yadda Allah ya yi. Na dawo, ba wanda ya tambaye ni ya muka yi. Na shiga na sa sakata.

Ya sha, ya yi barci. Auwal ɗin.