Gwiwar Buba da Jar Kaza

Tudun Fulani, Minna
3 ga Mayu, 1954

Zuwa ga Yaya Ya'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin jirgin ƙasa. Baba da Inna suna gaishe ka.

Ka san ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yaya, ka ɓata mini rai.

Ranar da ƙanenmu Buba ya faɗi a filin makaranta ina wurin. Dogon tsalle ya yi, ya dira kan ƙafar dama, gwiwar ta murɗe, har na ji ta yi ƙas. Kafin la'asar ta kumbura kamar ƙwarya. Malam Gabriel na disfensare ya duba, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta yage. Ya naɗe ta da bandeji, ya ce a riƙa sa mata tsumma da ruwan randa, a ɗora ƙafar kan matashi, ba gudu sai bayan wata biyu.

Sai ga Ndagi mai ɗori, wai kai ka turo shi. Ya warware bandejin, ya ja ƙafar, Buba ya yi ƙara har maƙwabta suka leƙo. Sannan ya kama jar kazata, wadda Goggo Adama ta ba ni, ya karya mata ƙafa ya ɗaure da kara. Ya ce ranar da kaza ta taka, Buba ma ya warke. Baba ya yarda. Ni ba wanda ya tambaye ni, ko don kazar.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Maimuna

Zungeru
8 ga Mayu

Maimuna,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Yaushe kika yi baki haka? Ndagi ne ya ɗora ni da na faɗo daga mangwaro, lokacin kina goye. Kaza ta taka, na taka. Malamin su Buba, Malam Tsado, ya rubuto mini cewa ran 24 ga wata akwai gasar makarantu a Bida, kuma in Buba ya ci, zai sami hanyar shiga makarantar Midil. Kada ki sa wa yaro tsoro. Zan kawo miki wata kazar.

Ki gaida mutanen gida.
Yayanki, Ya'u

Tudun Fulani
15 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka riƙe kazarka, ba ita nake nema ba.

Jiya kazar ta taka. Baba ya yi hamdala, ya ce Buba ya koma fili. Buba ya gwada gudu daga zaure zuwa bakin rijiya, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube. Ni kaɗai na gani. Ya riƙe zanena ya ce, "Yaya Maimu, don Allah ki yi shiru, Yaya Ya'u zai ce ni rago ne." Ka ji ko? Ya fi tsoronka da ciwon.

Kai ƙashi ka karya, shi kuwa jijiya ce. Malam Gabriel ya ce in ya sake dira a kanta yanzu, zai iya yin ɗingishi har tsufansa. Na daure na gaya wa Baba. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Dubi kaza mana, 'yar nan."

Midil ɗin naku, da sanda zai shige ta? Tunda a gidan nan kaza ake saurara ba mutum ba, to, na ji. In kana da zuciya ka hau jirgin Asabar ka zo ka gani da idonka.

Allah ya kiyaye hanya.
Maimuna

Zungeru
23 ga Mayu

Ƙanwata Maimuna,

Gaisuwa da fatan alheri. Na dawo lafiya.

Na ga yadda Buba yake dafa bango in yana zaton ba mai kallonsa. Na kuma ga kazar ta koma ɗingishi, har Baba ya aika wa Malam Tsado cewa babu Bida bana.

Da na ɗaga kazar, yatsana ya taɓa zaren da aka ɗaure mata a cinya, ƙarƙashin gashi. Ban gaya wa kowa ba.

Ki ɗan sassauta shi kada ƙafar ta mutu, kuma ki sa ja, farin yana nunawa. Ranar da Malam Gabriel ya ce Buba ya warke, ki kwance.

Ki yafe mini.
Yayanki, Ya'u