Muryar da Ta Kama Sunana

Gadarif, daren Laraba, lokacin yankan riɗi.

Yau 'yata Nafisa ta zo daga Showak, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Baba, na kawo maka abin ɗebe kewa." Ta danna waya, sai ga muryar uwarta Hauwa, wadda muka binne bara. Wai wani mai gyaran waya ne ya ba na'ura tsofaffin saƙonninta da sunayenmu, ta koyi maganarta.

Muryar ta ce, "Usmanu, ka ci abinci?"

Kofin gahawa ya suɓuce mini. Duk zaman aurenmu Hauwa ba ta taɓa kama sunana ba, ko cikin faɗa. Malam take ce mini.

Na ce, "Wa ya nemi izininta kafin a sa mata rashin kunya a baki?" Nafisa ta yi kuka, ta goge muryar daga wayar. Na san alheri ta nufa.

Amma tun isha'i nake neman "Malam" ɗin Hauwa a kunnena, sai "Usmanu" kawai nake ji. Ya Allah, kada wannan ya zama mutuwarta ta biyu.